Farin Wake Ɗaya

Haƙorin motar haƙa ya kankari wani abu da ba ƙasa ba. Lefteris direba ya kashe injin, ya leƙa ramin, ya ja tsaki.

"Stamatis, zo ka ga rabonka."

Evanthia ta riga yayanta Stamatis dira cikin ramin. Falalen farin dutse ne, sassaƙaƙƙe, tsawonsa ya kai ƙyauren ƙofa. Ta share ƙasar da tafin hannu, haruffa suka fito a jere. Shekara goma sha huɗu ta yi a Jamus tana koyar da irin wannan rubutu daga hotuna. Wannan kuwa ba idon da ya gan shi tun shekara dubu biyu da ɗoriya.

"Me ya ce, Farfesa?" in ji Stamatis daga bakin ramin.

"Jama'ar gari sun taru, sun kaɗa ƙuri'a kan rabon ruwan rijiya."

Lefteris ya tuntsire da dariya. "Ashe tun lokacin ake rigimar nan!"

Stamatis bai yi dariya ba. Ya duba agogo. "Motar kankare na zuwa ƙarfe biyu."

"Yaya, doka ta ce a sanar da hukuma," in ji Evanthia.

"Dokar ce za ta riƙa goyon Baba tana saukowa da shi?"

Wata takwas ke nan mahaifinsu, Anestis, yana saman bene, tun da ɓarin jikinsa ya shanye. Matakala goma sha tara ce tsakaninsa da itatuwan zaitun ɗinsa. Ramin nan tushen ɗakin da za a gina masa ne a ƙasa, ƙofarsa na kallon lambu. Kowa a ƙauyen ya san abin da ya sami maƙwabciyarsu Matina: tulu ɗaya aka tono a gidanta, shekara shida igiyar masu binciken tarihi na kewaye da tsakar gidan, ba damar gini.

"Ba ka san abin da kake takawa ba," in ji Evanthia. "Majalisun Turawa, kotunansu, zaɓensu, duk daga irin wannan dutsen suka koya."

"To su zo su ɗauka, ai sun saba," in ji Stamatis.

Sanda ta bugi tagar bene sau uku. Tsohon yana jin komai.

Evanthia da yayanta suka hau, har da Froso matar Stamatis, wadda ita ke juya shi, ita ke masa wanka. Anestis ya shekara talatin yana shugabantar ƙungiyar manoman zaitun, kuma ko fentin ƙofa ba a sakewa a gidansa sai da ƙuri'a.

"Froso, 'yata, ɗauko wake da tukunya."

Kowa ya karɓi ƙwaya biyu, fari da baƙi. Fari, a sanar da hukuma. Baƙi, a zuba kankare. Aka rufe bakin tukunyar da tawul.

Evanthia ce ta ƙarshe. Ta dubi ƙafafun mahaifinta, sun ƙanƙance cikin bargo. Ta dubi ƙugun Froso da ke ɗaure da majanyi saboda ciwon ɗaga shi. Ta tura hannu ƙarƙashin tawul ɗin, ta saki baƙin.

Stamatis ya juye tukunyar a kan tebur. Baƙi uku, fari ɗaya.

"Kin sha ƙasa, Farfesa. Kin ga kayan kakannin namu yadda yake aiki?" Ya dafa kafaɗarta, ba da mugunta ba, ya sauka da gudu. Froso ta bi shi ba ta kalle ta ba.

Evanthia ta tsaya tana kallon farin waken. Nata farin yana cikin aljihunta, tana jin sa da yatsa.

Tsohon ya buɗe hannunsa mai lafiya. Baƙin wake ne a tafinsa.

"Baba..."

"Na zaci za mu zama biyu," ya ce.

"Ɗakinka ne fa."

"Na san ɗakina ne. Na taɓa ce miki ban sani ba?"

Daga bakin titi aka ji kukan babbar mota tana shigowa da baya. Evanthia ta zaro wayarta.

"Har yanzu ina iya kiran hukuma."

"Mayar da ita. An kaɗa, an ƙirga." Ya yunƙura, ya kasa. "Matso da ni bakin taga. Ki sauka ki karanta min shi da ƙarfi, tun daga farko, kafin su rufe."

Ta tura kujerar, ta buɗe tagar, ta sauka matakala goma sha tara. Lefteris na ɗaga wa direban kankare hannu ya dakata. Ta durƙusa a kan dutsen, ta sa yatsa a harafin farko.

"Ɗaga murya!" tsohon ya yi kira daga sama. "Ba Jamusawa kike koya wa ba."