Ƙofa ta Biyu

Ranar ɗaya ga Disamba da safe, Ottmar Hiebl ya tsaya a kicin ɗinsa a Regensburg ta ƙasar Jamus, daga shi sai rigar barci da tumbinsa, ya sa farce ya ɓalle ƙofar farko ta kalandar Kirsimeti, irin ta kwali mai 'yan ƙofofi da kaya a bayansu. Ba wani ɗoki yake yi ba. Shi ya zuba kayan da hannunsa, ya san hoton kyandir zai tarar. Sai ga Krampus, dodon nan mai ƙaho da ake tsorata yara da shi, ya zaro masa jan harshe.

Krampus kuwa na ranar biyar ne.

Ottmar ya mayar da ƙofar ya rufe, ko dodon zai yi tunani ya koma inda ya fito. Ya sake buɗewa. Yana nan.

Masu zane ashirin da huɗu ne suka haɗa hannu a kan kalandar nan. Kowa ya zana bajo ɗaya, irin na ƙarfe mai sheƙi da ake maƙalawa a riga, kowa da ranarsa. Ƙofa ɗaya ake buɗewa kullum har jajiberin Kirsimeti, wanda kuwa ya leƙa ta gobe tun yau, ko 'ya'yan cikinsa sun daina ganin girmansa. Aikin zubawa Ottmar ne ya karɓa, don a cewarsa yaran zamani ba su da natsuwa. A gaban kowa ya faɗa, har da ɗaga yatsa. Mu masu furfura haka muke, ba ma faɗuwa sai mun tara 'yan kallo.

Ya sauko da kalandar daga bango ya juya ta, nan take ya gane ɓarnar da ya yi. Ta baya ake zuba bajo, kwalin yana kife. Shi kuwa hoton fuskar kalandar ya jingine a gabansa yana bi, hagu ta zama dama, dama ta zama hagu, a kowace kalanda da aka aika wa masu saye. Lambobin a warwatse suke kamar yadda aka saba, sai ya bi su da yatsa. Ɗaya ta yi musaya da biyar. Ashirin da huɗu tana can ƙasa ta dama. Ya ja yatsan zuwa ƙasa ta hagu.

Biyu. Wato gobe.

Ya zauna a ƙasa. Bajon ashirin da huɗu na Veit ne, amininsa, wanda ya rasu da bazara. A gadon asibiti Veit ya miƙa masa zanen, ya riƙe masa hannu ya ce kada matarsa Heidrun ta gani sai jajiberin Kirsimeti, ita kaɗai, a gidansu. Heidrun ita ce shugabar aikin gaba ɗaya, kuma saboda zanen nan ne ta ƙi leƙa kayan da suka iso daga masana'anta. Yanzu gobe da safe za ta buɗe ƙofa tana hamma ta ci karo da mijinta. Ranar da ta daɗe tana jira kuma, abin da za ta tarar shi ne bajon Ottmar na ranar biyu: tsiran alade sanye da hular sanyi.

Wayarsa ta yi ƙara, har sai da ya zabura. Korbinian ne, wanda ya zana dodon.

"Tsoho! Barka da natsuwa! Dodona ya yi sammako, sai hotunansa ake turo min. Wata ta ce ɗanta ya shige ƙarƙashin gado."

"Rage murya, don Allah."

"Ni kaɗai ne a ɗaki. Duka ka juya ko rabi?"

"Duka. Korbinian... na Veit yana ƙofa ta biyu."

Dariyar ta ɗauke ɗif. Korbinian ya ce, "Heidrun ta sani?"

"Yanzu zan je."

"To, in ba ka dawo ba, ni zan gaji kekenka."

A kan keken ya tafi. Ƙanƙara ta kwanta a kan tsohuwar gada, sau biyu tayar baya tana zamewa, kuma kowane karo sai ya ji wani ɓangare na zuciyarsa yana cewa ai faɗawa kogi ma mafita ce. Ana ta buɗe rumfunan kasuwar Kirsimeti, ƙamshin kirfa ya cika titi. Ya shirya jawabi a hanya. Ya ɗora laifin a kan masana'anta, ya sauke. Ya ɗora a kan tabaransa, ya sauke. Ya yi tunanin ya lallaɓa ya sace kalandarta ya gyara, sai ya tuna Heidrun ta yi shekaru tana koyar da 'yan firamare, ko ta ƙeya tana gani. Abin da ya fi tsorata shi ma ba faɗanta ba ne. Fuskar Veit yake gani a kan matashin asibiti, da yadda ya yarda da shi ba tare da ya sa shi rantsuwa ba.

Tun kafin ya danna ƙararrawa ta buɗe. Bajon dodon yana tafin hannunta.

"Cire takalmi," ta ce.

Ya cire. Safarsa ta huje a babban yatsa, ya naɗe yatsan ciki.

A kicin kalandarta na rataye kusa da taga. Ba ta ce ya zauna ba.

"Wannan kaɗai ne, ko duka?"

"Duka. Ta baya na... kwalin yana kife ne, ni kuma..."

"Ina Veit?"

Ya ɗaga hannu ya nuna ƙasa ta hagu.

Ta dubi ƙofar ta biyu, ta daɗe tana dubanta. Ottmar ya gwammace ta yi ihu, ta jefe shi da kofi. Babu abin da ke motsi sai tsokar gefen bakinta.

"Gobe ke nan kowa zai gan shi," ta ce a hankali. "Su ɗauki hoto, su turo min, su ce Allah ya ji ƙansa."

"Zan roƙe su kada su ɗora."

"Ottmar, mutanen da ke ɗaukar hoton miyarsu kafin su sha?"

Ta ja aljihun tebur ta zaro wuƙa. Ya ja da baya har ya bugi firiji.

"Kai, tsaya mana, ragon banza. Da yanka ka zan yi, da ban sa ka cire takalmi ba." Ta miƙa masa ta ƙota. "Farke ta baya. Ka mayar min da shi inda ya ce a sa shi. Sauran ka bar su yadda ka watsa su."

Sai ta ɗauko wayarta ta tura masa cikin aljihun kwat. "Wannan kuma ta zauna a wurinka har Kirsimeti. Duk mai zagi, kai zai zaga. Duk mai kuka, kai za ka rarrasa. Masu zane kuwa, kai za ka gaya wa kowa ranarsa ta sauya."

"A titi fa? Mutane za su maƙala shi a riga."

"Sai in riƙa kallon ƙasa. Tun bazara ai ita nake kallo."

Ta juya masa baya, ta fuskanci taga. Ottmar ya kife kalandar a kan tebur. Sau uku yana lissafa hagu da dama kafin ya kuskura ya sa wuƙar. Ya farke kwalin, ya zaro bajon Veit, ya rufe shi da tafin hannu kamar mai kare wutar ashana daga iska, ya kai shi gurbinsa, tsiran ya koma ƙofa ta biyu.

"Ottmar."

"Na'am."

"Sun fitar da shi da kyau? Launin bai..." Ta ɗaga hannu ba ta juyo ba. "A'a. Yi shiru. Manne kawai."

Ya manne. Yana saukowa daga bene da takalmi a hannu, wayarta ta fara rawa a aljihunsa, ta tsaya, ta sake farawa.