Bencin Da Ba A Zo Ɗauka Ba

Layin Benci bai fi gida goma sha huɗu ba, sai shagon aski ɗaya da wata kwata da ba ta taɓa sanin inda ta nufa ba. Sauran titunan garin sunayen manyan mutane gare su. Wannan kuwa da katako ya yi suna, kuma 'Yar Kafinta ba ta taɓa jin kunyar hakan ba.

Jikokinta uku, amma har yau 'Yar Kafinta ake ce mata. Ita ke riƙe da shagon mahaifinta tun rasuwarsa, tana sayar da ƙusa da fenti da kwaɗo. Kayan aikinsa 'yan'uwa sun watse da su, gadon da ya ƙera mata kuma gara ta cinye. Abin da ya rage na hannunsa kaɗai shi ne bencin ƙofar shago, mai cin mutum biyar, ko huɗu in har da Tsohon Direba.

Tarihin gajere ne. Shekara arba'in da ɗoriya da suka wuce, wani mutum ya sa Kafinta ya yi masa benci, ya ce zai zo ɗauka ranar Laraba. Bai dai faɗi wace Larabar ba. Shi kuma Kafinta yana da doka: aikin da aka sa shi na mai shi ne, ba ya sayar wa wani, ba ya shigar da shi gida. Sai ya ajiye bencin a waje inda mai shi zai hango. Mutane suka fara zama, wai kafin mai shi ya zo. Masu kwatance suka kama cewa "layin nan mai benci", har sunan ya bi shi.

Da hukumar gari ta zo kafa allunan suna, aka turo wata ma'aikaciya ta ɗauki tarihin kowane layi. 'Yar Kafinta ta gyara zama ta zuba labari, har da ɗan gishiri. Aka sa a rediyo, ta kwana uku tana amsa gaisuwa.

Kwana tara bayan haka wata ƙaramar motar kaya ta tsaya a ƙofar shagon. Wani mutum mai tabarau ya fito, ya gaida dattawan da ke kan benci da ladabi, sannan ya juyo wajenta.

"Yaya, ni ne ɗan mai bencin nan. Baba ranar Talata aka yi masa canjin wurin aiki, bai sake dawowa garin nan ba. Har ya rasu yana zancen bencinsa. Na zo ɗauka."

Ta dubi bencin, ta ji kamar an zo ɗaukar gawar mahaifinta karo na biyu.

Tsohon Direba bai motsa ba. "Ɗan nan, yau Asabar ce," in ji shi.

"Ina shaida?" Mai Aski ya jefo daga ƙofarsa, almakashi a hannu. "Kowa ma ai yana da uba."

Baƙon ya ce ba shi da takarda, sai dai sunan mahaifinsa, ya faɗe shi. Dattawa suka ce ba su taɓa jin sa ba. Maganar ta mutu ke nan, har baƙon ya fara laluben makullin mota.

Ita kaɗai ta san Kafinta yakan rubuta sunan mai aiki a ƙarƙashin kowane aiki. Shiru kawai za ta yi, benci ya zauna. Ta gwada shirun, bai kai minti ɗaya ba.

"Baba Direba, ku ɗan tashi."

"'Yata, ki yi tunani."

"Na yi. Ku tashi."

Suka kifar da bencin. Gizo-gizo ya watse. Ga rubutu nan da fensirin kafinta, haruffa manya masu jingina da juna, irin waɗanda ya koya mata a bayan katako tana ƙarama. Sunan da baƙon ya faɗa ne, ba ragi. Rabonta da ganin rubutun mahaifinta shekara ashirin, sai ga shi, kuma na wani ne. Ta shafa shi da yatsa sau ɗaya, idonta ya cika.

"Naka ne," ta ce. "Kama can, a hankali, ƙafar hagu ta fi nauyi."

Baƙon ya yi ta godiya. Motar ta fita ta ƙarƙashin sabon allon hukuma, dattawa huɗu na tsaye suna kallo, hannuwa a baya, ba wanda ya san yadda ake hira a tsaye.

Da safe ta fito da tsintsiya. Ƙafafun bencin sun bar ramuka huɗu a ƙasa, kowanne zai ɗauki ƙwai. Ta share ƙofar shagon tas har bakin kwata, amma ta kewaye su.