Ruku'un Danda

Wata bakwai Danda na sallah bisa kujerar roba a ƙarshen sahu, kuma ba ranar da bai dawo gida yana huci ba. Danda fa! Mutumin da ya shekara talatin yana dako a kasuwar Tasawa, wanda ke saɓa buhun gero shi kaɗai yana waƙa. Yunwa biyu ta wuce ta kansa, sanƙarau ya kwantar da shi ya tashi. Amma yau baya ya riƙe, ko ruku'u ya gagare shi, sai dai ya sunkuyar da kai kamar mai gyangyaɗi.

Autansa Muddassir, mai koyar da wasanni a lakwal, wato makarantar boko ta Mayahi, ya zo gida Maijirgi da ƙarafan motsa jiki biyu, kowane kilo biyar. Ya aje su tsakar gida.

"Baba, likita ya ce ƙashinka lafiya lau, jijiyoyin bayan cinya ne suka saki. Duba. Ka ɗan sassauta gwiwa, ka tura ƙugu baya, bayanka a miƙe kamar tabarma. Ƙarfen ya bi cinya har ƙasan gwiwa, sannan ka taso."

Danda ya dube shi sama da ƙasa. "Mushe malamin lakwal, maimaita. In tura mi?"

"Ƙugu, Baba."

"In turo ɗuwawu baya kamar mace mai shara? Abin da aka koya maka ke nan a lakwal? Ni za ka koya wa ɗaukar kaya? Matsa!"

Ya sunkuya yadda ya saba, baya a gantsare kamar baka, ya fizgi ƙarafan biyu. Wani abu ya soke shi a tsatso, sai ga shi zaune daɓas cikin rairayi, hula can gefe.

Matarsa Zara'u na duƙe tana tsince gyaɗa a faifai, ƙafafu a tsaye, baya shimfiɗe. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Sannu, Malam. Shekara hamsin ina wagga duƙawar da ka raina, ka taɓa jin na ce wayyo bayana?"

"Wa ya sa da ke?"

Kwana uku yana jinyar tsatso yana huci. Muddassir ya koma Mayahi, ya bar ƙarafan nan inda suka faɗi. A rana ta huɗu da hantsi, da mata suka tafi rijiya, Danda ya ja su bayan rumbu. Ya waiga hagu, ya waiga dama, ya tura ƙugun baya yana tsaki. Jijiyoyin cinya suka ɗaure tamau kamar igiyar guga, tsatson kuwa shiru. Wannan shirun ya fi komi ba shi haushi, don yaron ya yi gaskiya ke nan.

Kullum sau takwas, ya huta, ya sake. Yana yi yana zage-zage: ya zagi ƙarfen, ya zagi tsufa, ya zagi akuyar da ke tsayawa kallonsa. Da farko hannu iyakarsa cinya. Bayan mako uku ya kai gwiwa. Da aka yi wata biyu ya wuce ta.

Ran wata Juma'a ya ratsa mutane ya shiga sahu na biyu, ya tsaya da ƙafafunsa. Na kusa da shi ya raɗa masa, "Baba, kujerarka na can baya."

"Taka ce. Gyara sahu."

Liman ya yi kabbarar ruku'u. Danda ya san in bayan ya riƙe shi a nan, ɗauke shi za a yi a fitar gaban garin duka. Ya sassauta gwiwa, ya tura ƙugu, tafukansa suka sauka bisa gwiwa. Ya yi tasbihi uku cikakku. Da liman ya ɗago, Danda ya taso tare da sahu, a miƙe cak.

Bayan sallama ya zauna yana jiran a zo a tambaye shi. Kowa ya nemi takalminsa ya kama hanya, ba wanda ya ce masa uffan.

"Makafin banza," in ji Danda, ya miƙe da kansa.