Maganar Bakin Ƙofa

Likita ta daɗe da gane cewa marar lafiya ba ya faɗin abin da ya kawo shi yana zaune a kujera. A kujera zai ce kai, zai ce gwiwa, zai ce barci ba ya zuwa. Sai ya karɓi takardar magani ya miƙe, ya ɗora hannu a mariƙin ƙofa, sannan ya waiwayo ya ce, "Af, Likita, har na manta." To abin da zai biyo baya shi ne ciwon. Shi ya sa ba ta taɓa kiran na gaba sai ta ji ƙofa ta rufu da kyau.

Ƙaramin asibiti ne, ɗakin duba marasa lafiya ɗaya, benci biyu a baranda, sai ita da Nas da akawun da ke karɓar kati. Kusan duk mai zuwa da katin inshorar gwamnati yake zuwa. Ba don katin ba, da tuni an mayar da wurin shagon sayar da katifa.

Sai hukumar inshora ta sauya tsari. Aka kawo kwamfuta aka ɗora a teburinta, daidai inda take ajiye gwiwar hannu idan tana sauraro. Zuwa ɗaya, cuta ɗaya. Da an shigar da cutar, katin ya kulle, ba ya buɗewa sai wata ya zagayo. A gefen allon akwai ɗan agogo, kore ne, idan mutum ya daɗe sai ya koma ja. Asibitin da jansa ya yi yawa za a cire shi daga tsarin.

"Wato yanzu ciwo ma layi zai bi," in ji Nas, tana goge allon da gefen rigarta.

Likita ba ta yi dariya ba.

Cikin masu zuwa akwai Baba Kafinta. Shi ya yi teburin, shi ya kafa ƙofar ɗakin tun ranar da aka buɗe asibitin. Tsoho ne mai kunya da yawan zolaya. Shi ba ya cewa ya manta. Idan yana da magana sai ya tsaya yana duba ƙofar, ya buɗe, ya rufe, ya kasa kunne kamar mai jin bugun zuciyarta. Likita ta san wannan. Takan ajiye biro ta ce, "Baba, bar ƙofar nan, dawo ka zauna."

Ranar da ya zo baranda ta cika har ƙofar waje. Ya zauna ya kalli kwamfutar ya ce, "'Yata, kin yi sabon maigida ashe. Tun da na shigo shi kike kallo."

"Baba, wannan maigidan ba ya jin magana. Me ke damunka?"

"Gwiwa ce. Ta ce ta gaji da ni."

Ta taɓa gwiwar, ta lanƙwasa, ta miƙar. Ta lura wandonsa ya yi masa yawa, ya ƙara wa bel ɗinsa sabuwar huda da ƙusa. Ta so ta tambaya, sai kwamfuta ta nemi lambar cuta. Ta shigar da gwiwa. Agogon ya riga ya koma ja.

Baba ya karɓi takarda ya miƙe. Ya kama ƙofa, ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa. Likita tana jin ƙarar, idonta na kan allo, don abin da ta rubuta ya ƙi tafiya. A ranta ta ce bari ya tafi tukuna, yanzu zan ɗago. Kafin ta ɗago Nas ta turo wata mata da jariri yana tsala kuka.

"Ƙofar nan tana son mai," in ji Baba. Ya matsa wa matar ta wuce, ya fita.

Abin ya tsaya wa Likita a rai. Ta kira wayarsa da aka tashi aiki, a kashe. Ta ce gobe. Gobe ta zo da nata layin. Kullum ta ji ƙarar ƙofa sai ta tuna da shi, kullum kuma akwai wani a kujera da agogo na tafiya.

Wata rana ta tambayi akawu ko Baba Kafinta ya sake zuwa.

"Ya zo mana, bayan kwana kaɗan. Na sa katinsa ya nuna a kulle. Na ce masa sai wata ya cika."

"Ba ka faɗa mini ba?"

"Likita, kullum mutum nawa nake mayarwa? Ya ma ce kada a dame ki, ba wani abu ba ne."

Ba ta iya yi masa faɗa ba. Abin da aka ce ya yi ya yi.

Da aka tashi ta bi ta shagonsa. Yana rufe da kwaɗo, ruwa ya jiƙa garin katakon da ke bakin ƙofa har ya dunƙule. Mai walda na kusa ya ɗage tabaransa ya ce ai Baba ya faɗi yana aiki, yana babban asibiti.

Ta same shi a gado na ƙarshe kusa da taga, ana ƙara masa jini. 'Yarsa ta fari tana zaune a kan bokitin da ta kife. Ta ja Likita gefe ta yi ƙasa da murya.

"Anti, ashe ya daɗe yana ganin jini idan ya zaga. Ya ɓoye mana, wai ba maganar da uba zai yi da 'ya'yansa mata ba ce. Ya ce ke kaɗai zai iya gaya wa."

Likitan ɗakin tsohon abokin karatunta ne. Ya nuna mata hoton cikin Baba a bakin taga, ba ta buƙaci bayani ba. Ciwon ya bar hanji ya kama hanta. Ta tambaye shi da an gani tun ranar fa. Ya ɗaga kafaɗa ya ce wataƙila, wataƙila kuma a'a. Ta so a ce ya zaɓi ɗaya.

Ta dawo ta zauna a bakin gadon. Baba ya buɗe ido.

"'Yata. Kin baro maigidan naki shi kaɗai?"

"Na baro shi, Baba."

"Zai yi fushi." Ya ja numfashi. "An sa wa ƙofar mai?"

"Ba a sa ba. Kai nake jira."

"To za ki daɗe."

Ta riƙe hannunsa, tafin duk ya yi kanta. Ta ce, "Yanzu ina jinka, Baba. Faɗa mini."

Ya yi murmushi ya ce ai an riga an faɗa, inji ya faɗa da hoto, ya fi shi iya bayani. Ya lumshe ido.

Da safe ta koma aiki. Wata mata mai sayar da kayan miya ta zo da ciwon kai, aka shigar, katin ya kulle. Matar ta miƙe, ta kama ƙofa, ta tsaya. Ƙofar ta yi ƙararta.

"Dawo ki zauna, Yaya," in ji Likita.

Matar ta dawo, ta gyara mayafi, ta ce akwai wani ƙullutu a ƙirjinta. Likita ta duba, ta ji shi ƙarƙashin yatsunta, mai tauri, ba ya motsi. Ta juya ga kwamfuta don ta tura ta hoto. Wurin rubutawa ya dushe, ya ƙi karɓar komai. Ta tambaye ta ko za ta iya yin hoton ba da kati ba. Matar ta kalli ƙasa.

Nas ta leƙo ta nuna agogo da haɓa. Likita ta riƙe biro a kan farar takarda, matar tana jira ta ji ranar da za ta dawo.