Wa Zai Goge Gurbin?

Tun ma'aikatan shara ba su gama goge tebura ba ta iso ofis, tana tafe kamar za ta tashi sama. Yau da yamma za a saki sabon zubin laburaren, kuma a karon farko sunanta zai fito cikin waɗanda suka yi aikin. Ta riga ta gaya wa yayarta, wadda ita ta saya mata kwamfutarta ta farko, yayar kuwa bakinta ba ya riƙe labari. Dangi kaf sun ji.

Laburaren nan ba na littattafai ba ne. Tarin manhaja ce da masu gina manhajoji ke ɗauka su saka cikin nasu, ta kulle musu saƙo yadda babu mai karantawa sai mai mabuɗi. Ita aikinta rubuta bayanin yadda ake amfani da shi, aikin da kowa a ofishin ke gudu kamar cire haƙori. Shi ya sa suke ce mata Mai-Alƙalami, ita kuma take amsawa da ƙarfinta, don tana son aikin har cikin ranta.

Shafi ɗaya ya rage mata, na gurbi. In za a buɗe saƙo, laburaren kan ari ɗan wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta ya ajiye mabuɗin a ciki. In an gama, dole a goge wurin tas, sannan a mayar wa kwamfuta kayanta, kamar dai tukunyar aro da ba a mayarwa sai an wanke. Abin da shafin zai faɗa bai fi layi ɗaya ba: wa ke gogewa, wa ke mayarwa. Ita kuwa tana da doka, ba ta rubuta abu sai ta ji daga bakin mai shi, ta kuma gwada da hannunta.

Ta fara da Dogo, wanda ya gina ɓangaren ciki inda ake kulle saƙon. Ta same shi ya miƙe ƙafafu har ƙarƙashin teburin maƙwabcinsa.

"Dogo, in an gama da mabuɗi, wa ke goge gurbin?"

"Mai-Gilashi mana," ya ce, ko ɗagowa bai yi ba. "Ni na cire nawa tun watan jiya."

Ta zagaya bayan firinta wajen Mai-Gilashi, wanda ya gina ɓangaren waje da masu amfani ke taɓawa. Ta maimaita tambayar.

"Ai wannan aikin Dogo ne," ya ce yana gyara zaman gilashinsa. "Ni na cire nawa tun watan jiya."

Ta tsaya cak. Wani daɗi ya taso mata, irin na wanda ya hango abin da kowa ya wuce bai gani ba. Ta koma kujerarta da sauri, don gani ya kori ji. Ta rubuta 'yar manhajar gwaji, ta kulle saƙo, ta buɗe, ta rufe komai, sannan ta leƙa ƙwaƙwalwar kwamfutar. Ga mabuɗin nan zaune daram, harafi bai ɓace ba. Duk wanda ya iya leƙe zai ɗauka.

Ta duba tarihin gyare-gyare, labarin ya fito fili. A da su biyun duk suna gogewa suna mayarwa, kwamfuta kuma in an mayar mata da gurbi ɗaya sau biyu sai ta rikice, manhajar ta mutu. Da aka kawo ƙara, kowannensu ya ga laifin nasa ne, ya lallaɓa ya cire nasa bai gaya wa ɗan'uwansa ba. Manhaja ta daina mutuwa, gwaje-gwaje suka wuce lafiya, aka yi ta murna. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Wayarta ta yi ƙara. Yaya ce.

"Ya fito? Kawu yana ta tambayata inda zai ga sunan."

"Yaya, sai yamma na ce miki."

"To ki hanzarta, ni na gaji da cewa sai yamma."

Ta ajiye wayar ta zuba wa shafin ido. Tana iya rubuta cewa ana goge gurbin bayan an gama, ba ta ce wane ba, babu mai tsayar da ita, sunanta ya fito yau. In ta yi magana kuwa za a ɗage sakin, ta koma ta ce wa Yaya ba yau ba. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Amma layin ƙarya ne, kuma sunanta ne zai zauna a ƙarƙashinsa. Ta suri kwamfutarta, wayar caji na jan ƙasa, ta nufi teburin Oga, matar da ke shugabantar aikin.

Oga ta kalli allon, ta sake kallo, ta kira mutanen biyu. Suka tsaya kafaɗa da kafaɗa suna kallon mabuɗin.

"Ba kai ke gogewa ba?" in ji Dogo.

"Ni da na bar maka don girmamawa?"

"Oga, ba a fafe gora ranar tafiya," Dogo ya ce a hankali. "A saki, mu gyara a zubi na gaba."

"Mu saki mabuɗin mutane a waje? Yau babu saki," in ji Oga. Ta juya ga Mai-Alƙalami tana dariya. "Wata guda muna wuce abin nan, sai da aka zo rubuta shi."

Kafin ta rufe baki mutanen biyu sun ruga kujerunsu, kowa na ƙwanƙwasa madannai da zafi. Mai-Alƙalami ta leƙa allon Dogo, ta leƙa na Mai-Gilashi, dariya ta kusa kayar da ita. Kowannensu yana mayar da nasa gogewar.

"Ku ɗaga hannu!" ta ce. "Haka za ku sake kashe manhajar."

Suka tsaya, hannuwa a sama, suna kallon juna.

"To wa zai yi?" Mai-Gilashi ya tambayi Oga.

"Ba ni za ka tambaya ba. Ta rubuta, ku bi."

Mai-Alƙalami ta zauna cike da murna. Ta rubuta cewa wanda ya ari gurbi shi ke gogewa, shi ke mayarwa, sau ɗaya tak, kuma ɓangaren ciki ne mai aro. Dogo ya karanta ta saman kafaɗarta, ya ja kujerarsa ya fara aiki. Mai-Gilashi ya naɗe hannu.

Wayar ta sake ƙara.

"Ya fito?"

"Ba yau ba, Yaya. Ni na hana."

"Ke kika hana? Ke da sunanki?"

"Ni fa. Ki gaya wa Kawu haka, ya fi sunan daɗin faɗa."