Motar Baba Labbo Sai da Turi

"Ku tura, ba shafa nic ce ku yi mata ba," in ji Baba Labbo. Ya leƙo da kai ta tagar direba, hularsa ta karkace gefe ɗaya.

Mutum uku ne a bayan motar. Sambo mai shayi ya dafa ta dama, tawul a wuya. Isa mahauci ya sa kafaɗa a tsakiya, yana kaffa-kaffa kada maiƙon hannunsa ya taɓa gilashi. Mukhtar mai gyaran wayoyin mota, wanda katanga ɗaya ta raba gidansa da na tsohon, shi ne a hagu, kansa a sunkuye. Layin nasu na Sabon Garin Jega yana da 'yar gangara zuwa kwalbati, a nan tsohuwar Golf ɗin take samun gudu. Tsohon ya saki kuloci. Ta yi tari sau biyu, ta girgiza, ta kama.

Kafin injin ya daidaita, rediyo ya buɗe baki. Murya ta fito daga ƙofofi huɗu a lokaci guda, kajin gidan Isa suka watse.

"Allah shi yi ma aikin Muntari albarka," in ji Sambo yana goge hannu. "Murya awa ta masallacin Juma'a, tashi kuwa sai an taru."

"Injiniya ke nan," Isa ya karɓe. "Kai ka sa sauti, mu mu sa ƙarhi."

Mukhtar ya yi murmushin dole. Shi ya san abin da ke damun motar, ya kuma san hannun da ya jawo shi.

Wata biyu ke nan da Baba Labbo ya same shi a rumfarsa ta bakin titi. Tsohon ya yi shekara talatin da ɗoriya yana jan babbar mota, yana kwasar albasar Aliero zuwa kudu, ƙugin injin ya cinye masa kunne. Da ya ajiye aikin sai ya sayi wannan ƙaramar. Rediyonta na asali yana aiki, amma shi in an kunna, sai dai ya ji kamar sauro a cikin gwangwani. Matarsa Inna Yalwa ce take maimaita masa labarai da ƙarfi a tsakar gida, har maƙwabta su sha ta katanga. Bara ta rasu. 'Yarsu Mardiyya tana aure a Karaye, can ƙasar Maiyama, ɗansu namiji kuwa yana Fatakwal, sai sallah.

"So nike in ji mutane suna magana," abin da ya ce wa Mukhtar ke nan.

Mukhtar ya cire 'yan sifikokin da motar ta zo da su, takardarsu duk ta yage, ya sa manya a ƙofofi huɗu. Ya ɗaura amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, a cikin but, ya jawo mata jar waya mai kauri tun daga batir. Saura wata siririyar shuɗiyar waya, wadda aikinta shi ne ta gaya wa amfilifaya an kashe mota, ta kwanta ita ma. Kamata ya yi a kai ta har gindin makulli. Amma an kira magariba, hannunsa ya gaji, sai ya yanko guntuwa ya haɗa ta da jar a nan cikin but, da niyyar gobe zai ƙarasa. Tun daga ranar amfilifayar ba ta ƙara barci ba. Tana kwana tana tsotsar batir, 'yar koriyar fitilarta a kunne, da safe makulli ya ce ƙet-ƙet, shi ke nan.

Goben ce ba ta zo ba, kuma ba daga Mukhtar ba. Duk ranar da ya ce a kawo motar, tsohon yana da wurin zuwa. Yau ta'aziyya a unguwar Magaji, gobe duba wani abokinsa da aka yi wa ɗori a Aliero, jibi kunnen ne ya ƙi jin maganar gaba ɗaya.

Abin da ke biyo bayan turi kullum iri ɗaya ne. Baba Labbo zai zagaya ta bayan makaranta ya dawo, ya tsaya gaban teburin Sambo, ya bar injin a kunne don batir ya sha wuta, ya buɗe ƙofofin duka. Sai ya ciro ƙullin dabino daga aljihun gaba, ya bi masu turi ɗaya-ɗaya. A nan za a ji labaran safe, a yi gardama a kan farashin taki da ruwan bana. Shi yana zaune a kujerar direba, ƙafa ɗaya a ƙasa, yana jefa baki a inda ya ji da inda bai ji ba. Minti ashirin, wani lokaci talatin. Daga nan kowa ya kama gabansa, shi kuma ya ja motarsa ya koma ƙofar gida, ya shige. In Fadila matar Mukhtar ta kasa kunne da rana, ba ta jin komai ta katangar sai ƙarar buta.

Ranar wata Asabar wani malamin makaranta daga Aliero, Abdulrazak, ya zo da motarsa fes yana neman a sa masa sauti. An kwatanta masa Mukhtar, ya biyo shi har layi, ya iske ana turi. Ya tsaya sayen shayi, ya tambayi Sambo ko wannan ne mai aikin.

"Shi na," in ji Sambo. "Aikinai na da kyau ƙwarai. Sai dai ina hwata unguwarku akwai majiya ƙarhi."

An yi dariya. Malamin ma ya yi, ya shanye shayinsa, ya ce zai dawo. Mukhtar ya bi motar da ido har ta hau titi.

Bai jira komai ba. Ya shiga gida ya ɗauko jakar kayan aiki, ya iske tsohon yana shirin rufe mota.

"Baba, ba ni makulli."

"Mi?"

"Makulli, Baba. Yau kam ko ina za ka, sai na gama."

"Ai tana tashi, Muntari."

"Tana tashi da bayan mutane. Sunana ya ɓaci ga layin ga. Mutum ya zo tun daga Aliero, ya juya."

Tsohon ya dube shi, ya dubi makullin a tafin hannunsa, ya miƙa. Ya tsaya a gefe, hannuwa a baya, yana kallon Mukhtar ya ɗaga kafet, ya bi gefen kujeru da sabuwar waya har gindin sitiyari. Aikin da bai kai rabin awa ba.

"Wace ta, mai laihin?" ya tambaya.

Mukhtar ya ji daɗin tambayar. Ya kai shi but, ya nuna masa da bakin sukudireba. "Ka ga wanga ƙusa, ka ga wanga. Su niy haɗe da 'yar guntuwar ga. In suna haɗe, fitilar ga ba ta mutuwa. Yanzu duba." Ya murɗa makulli ya kunna mota, sannan ya kashe. Koriyar fitilar ta ɗauke.

"Iko sai Allah," in ji Baba Labbo. "Abu kamar tsinke." Ya sunkuya da ƙyar ya ɗauki guntuwar wayar daga ƙasa, ya jujjuya ta. Mukhtar yana haɗa kayansa, bai ga inda ya sa ta ba.

Washegari Sambo da Isa suka fito kamar kullum. Tsohon ya murɗa makulli, motar ta kama bugu ɗaya. Sambo ya tafa hannu, ya ce Injiniya ya wanke sunansa. Ranar an sha labarai, an ci dabino. Kashegari Isa ya wuce mayanka tun da wuri, tunda ba a jiransa. Rana ta uku Sambo yana fama da masu sayen burodi, ya ɗaga cokali daga nesa. Baba Labbo ya tsaya gaban teburin, ya buɗe ƙofa biyu, wani matafiyi ya ce don Allah a rage. Ya rage. Da ya rage, shi ba ya ji. Ya ɗan zauna, ya ja motarsa.

Ba wanda ya yi faɗa da wani. Kowa dai ya samu minti ashirin ɗinsa ya mayar aljihu.

"Kwana biyu ban ji rediyon Baba ba," Fadila ta ce wata safiya tana dama kunu.

"Shina ji cikin mota, gilashi ruhe. Ai ya hi."

"Jiya niy aika mai tuwo, kwanon ya dawo da rabi."

"Tsuhwa ta," in ji Mukhtar, yana neman makullin babur. Malamin Aliero ya kira shi a daren jiya, ya ce ya ji labarin an gyara, ya zo har gida ya yi masa aikin.

Ranar Litinin ce, kwana tara da gyaran. Da ya fito da babur, ya ga Baba Labbo a kujerar direba, ƙofa a buɗe, ƙafa ɗaya a ƙasa, irin zaman da yake yi a da. Motar shiru. Tsohon ya ɗaga hannu. Mukhtar ya danna masa hon sau biyu, ya ɗaga nasa, ya wuce. Sai da ya hau titi wani abu ya ɗarsu a ransa game da hannun, yadda ya tsaya a sama bai sauka da wuri ba. Ya ce a ransa in ya dawo zai leƙa.

Yana kwance rabi a cikin but ɗin malamin, wajen hantsi ya ɗaga, wayarsa ta yi ƙara. Sambo ne. Bai yi barkwanci ba.

"Muntari, ka bar abin da kaka yi ka taho. Baba Labbo lokaci ya yi."

Sambo ne ya gan shi. Ya ce tun safe yake hango shi a zaune, ya ɗauka rediyo yake ji. Sai da ciniki ya lafa, rana ta kai kan motar, ya ga tsohon bai matsa inuwa ba, ya haɗa shayi ya kai masa. Kansa yana jingine da kujera, bakinsa a ɗan buɗe, ƙullin dabino a cinya. An ce zuciya ce. Dama yana shan maganin hawan jini.

Mardiyya ta iso daga Karaye kafin azahar. Bayan sallah aka sallace shi, aka kai shi. Mukhtar yana cikin waɗanda suka kama makara, bai yarda an karɓe shi ba har maƙabarta.

Da aka dawo, mutane sun cika layin, ana neman wurin shimfiɗa tabarmi. Motar ta tare ƙofar gida. Mardiyya ta leƙo daga zaure, idanunta sun kumbura, ta miƙo makulli.

"Yaya Muntari, don Allah a gusa da ita. Jiya ma niy kira shi, yac ce mini lahiya lau shike, kullum shina tare da ku."

Mukhtar ya karɓa. Ya zauna a kujerar, ta riga ta lotsa daidai jikin wani. Ya murɗa makulli.

Ƙet-ƙet.

Ya sake murɗawa. Ƙet.

Isa ya sunkuyo ta taga. "Ba kac ce ka gyara ba?" A hankali ya faɗa, ba da tsokana ba.

Mukhtar ya fita, ya zagaya baya, ya ɗaga murfin but. Sabuwar shuɗiyar wayarsa an zare ta, an lanƙwasa ta gefe da kyau, an naɗe bakinta da leda don kada ta taɓa ƙarfe. A tsakanin ƙusoshin nan biyu, guntuwar wayar da ya jefar ce, an murɗa ta da hannun da ba ya gani sosai, silin tagulla biyu sun tsere waje. Kusa da ita ga wuƙar yankan farce a buɗe, wadda aka kwance ƙusoshin da ita. Koriyar fitilar tana ci, ta dusashe, amma tana ci.

Sambo ya zo ya tsaya a kafaɗarsa, ya leƙa. Shi bai san waya ba, amma ya san fitilar. Ya ja tawul ɗinsa ya rufe baki.

"A kawo filaya?" wani ya tambaya daga baya.

"A'a," in ji Mukhtar. Ya sauke murfin a hankali har ya kama. "Ku zo mu tura."

Suka taso daga kan tabarmi. Sambo ya dafa ta dama, Isa ya sa kafaɗa a tsakiya, sai wasu, sai wasu, har da baƙin Karaye da tsofaffin direbobin tasha, hannu a kan hannu, waɗanda ba su samu wuri ba suka dafa bayan waɗanda suka samu. Mukhtar ya zura hannu ta taga ya riƙe sitiyari, yana tafiya a ƙasa. Ba nauyi ko kaɗan. Motar ta gangara ba ƙara sai ta tayoyi a kan yashi, kujerar direba ba kowa, har inuwar darbejiya gaban teburin shayi.

A nan suka tsayar da ita. Isa ya ɗauko dutse ya sa wa taya. Sambo ya ɗan tsaya, sannan ya zagaya ya buɗe ƙofofin, ɗaya bayan ɗaya, duka huɗun.