Bel Ɗin da Ya Rungume Kujera

Autanmu ɗan gayu ne na ƙin ƙarawa. Tun rasuwar Mama yake zaune a wurina, ni nake goge masa riguna, kuma in karin hannu ya kauce ko kaɗan sai ya dawo mini da ita. Da ya sayi mota, sai ya ɓullo da wata dabara da ta hana ni sakat. Motar takan yi ta ƙara in ba a ɗaura bel ba, shi kuma bel na yamutsa masa riga. Sai ya ja shi ta bayan kujera ya maƙala, ya zauna a kai. Mota ta yi shiru, riga ta tsira.

"Auta, wa kake yaudara?"

"Haba Yaya! Akwai balan-balan a cikin sitiyarin nan. Da an yi karo, sai ka faɗa kan matashi."

Matashi, wai! Maigidana gyaran motocin da suka yi hatsari ne sana'arsa, muna cikin cin abinci ya ajiye cokali ya dube shi.

"Ba matashi ba ne, ƙanena. Da mota ta ji duka, wani sinadari ne ke tashi a ciki, jakar ta faso sitiyari ta cika da iska kafin ka ƙifta ido. Bel ne ke riƙe ka har ta gama cika, sannan ka sauka a kanta. In babu shi, kana tahowa tana tahowa, ku haɗu a tsakiya. Ko ka zame ta samanta ka sami gilashi."

Auta ya yi dariya, ya karkaɗe kafaɗar rigarsa.

Na yi faɗa, na yi lallashi. Daga baya na yi yajin guga, na ce in rigar ta fita a yamutse ai ba shi da abin karewa. Ɗan nema ya kai wa mai wanki, ya dawo da su a ledoji, sun sha sitati har suna ƙara. Kullum da safe ina leƙensa ta tagar kicin, ina jin ƙas ɗin nan na bel a bayan kujera, in bi motar da ido har ta sha kwana.

Ranar da aka wuni ana yayyafi na kai wa maigida abincin rana gareji. Na tarar janwe na sauke wata mota, gabanta ya lotse. Ma'aikata suka gan ni, kowa ya kama wani aikin.

Maigida ya tare ni. "Ajiye kwanon. Asibiti za mu, yanzu aka kira ni."

Na ture shi na leƙa. Motar Auta ce. Jakar ta fito, tana reto daga sitiyari kamar buhun da aka zazzage, farin gari ya rufe ko'ina. A saman gilashin gaba, daidai wurin direba, akwai tsaguwa zagayayya da ta turo waje. A baya ga farar riga a ledarta, rataye, ko motsi ba ta yi ba.

"Yana numfashi?" na ce.

"Mu je dai."

Na sake leƙawa ciki. Bel ɗin na nan a maƙale yadda ya bar shi da safe, ya rungume kujerar tsam. Ko ƙwarzane kujerar ba ta yi ba.